Ranar da Ƙofata Ta Hana Jariri Jini

Duk shekara idan makarantu suka turo mini ƴan estaj, ɗalibai masu koyon aiki, aikin da nake fara ba su ɗaya ne, fuskar da suke yi mini ma ɗaya ce. In ce su rubuta ƙofa, wato ɓangaren logisiyel, program ɗin kwamfuta ke nan, da ke karɓar abin da mutum ya buga, ya duba shi kafin ya bar shi ya shiga ciki. Sai in ga an taɓe baki. Wata ta bana, ƴar gayu da ita, har cewa ta yi, "Tanti Rabi, wannan ai kafin shayi ya huce an gama. A duba ko gurbin suna ba fanko ba ne, a duba ko lamba lamba ce, shi ke nan." Na ce mata madalla. To ku matso, ke da sauran, tunda kuran, wutar lantarki, ya tafi kuma ba abin da za mu taɓa sai ya dawo. Shayin nan naki ni na fi shekara ashirin ina jiran ya huce.

A hannun Mushe Isufu na koyi aiki, a wani ɗaki da ke saman shagon mai walda a Yantala. Mutumin Tawa ne, dogo, siriri, ba ya dariya sai program ɗinka ya ƙi tashi. Kayan aikinmu ordinater biyu ne, wato kwamfuta, da fanka mai wuya a karye, da wani tsohon ondiler, akwatin batir mai riƙe wa injuna wuta, da ke kuka kamar ɗan akuya duk lokacin da mai walda ya kunna injinsa a ƙasa. Yaren da ya koya mini OCaml ne. Yaren raƙumi muke ce masa, kuma halin raƙumin gare shi: in ya ƙi tashi, ko za ka mutu ba zai tashi ba. A wannan yare komai fonksiyo ne. Ka ba ta abu, ta mayar maka da abu, ba ta taɓa komai a gefe, ba ta ɓoye komai a aljihu. Kowane abu kuma da nau'insa. Idan fonksiyo ta ce kwanan wata take karɓa, ka miƙa mata rubutu kawai, kompilater, wato injin da ke karanta abin da ka rubuta kafin ya zama program, zai tsaya cak ya nuna maka layin da yatsa.

Watannin farko bai bar ni na rubuta komai ba sai ƙofa. Ƙawayena da muka gama karatu tare suna can suna zana ekran, fuskokin program, masu launi, ni ina zaune ina tunanin me zai faru idan mutum ya buga shekarunsa da harafi. Ranar da na yi ƙorafi, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗiyata, duk abin da mutum ya buga, ɗauke shi awa wake daga kasuwa. A bakin ƙohwa za ki tsince shi, sau guda, ki sauya mashi kwano. Wanda ke cikin kwano na biyu, kowa ya san an tsince shi." Abin da yake nufi shi ne, ƙofa ba ta cewa "e" ko "a'a" kawai ta bar ɗanyen abu ya wuce yadda ya zo. Tana karɓar ɗanyen rubutu, ta mayar da ɗaya cikin biyu: ko dai abu mai sabon nau'i, tsintacce, ko kuma ƙorafe-ƙorafen da suka hana. Sauran fonksiyo na cikin gida kuwa tsintaccen kawai suke karɓa, kuma ba mai iya ƙera shi sai ƙofa. Ba wai an hana ka tsallakewa ba ne. Hanyar tsallakewar ce babu ita sam.

Aikin waje na farko da ya tafi da ni, na wata ƙungiyar masu lambu ne a Gamkalle. Suna da tsohon program da wani ya yi musu na rajistar membobi. Mushe Isufu ya buɗe, ya duba, ya kira ni. "Zo ki ga abin mamaki. Duk Gamkalle ranar guda aka haihe su." Gaskiya ne, kusan kowane tsoho ɗaya ga Janairu. Takardunsu cewa suke an haife su wajajen shekara kaza, ba rana, ba wata, amma program ɗin ya dage sai an ba shi rana da wata, sai magatakarda ya riƙa ba shi abin da yake so. Muka yi nau'in ranar haihuwa mai fuska biyu: ko cikakkiyar rana, ko wajajen shekara. Daga nan duk inda muka taɓa shekarun mutum, kompilater sai ya tambaye mu, "In wajajen shekara ne fa, me za a yi?" Ba ya barin ka manta. A can kuma na ga wani dattijo mai noman salati da tsohon program ya yi ta wahalarwa: yau a ce hotonsa ne babu, ya kawo, gobe a ce lambar fili, ya kawo, jibi a ce wani abu. Program ɗin da ya ga kuskure na farko yake tsayawa. Tamu ƙofar muka sa ta tattara duk ƙorafinta ta faɗa a zama ɗaya, mutum ya yi tafiya ɗaya.

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda ɓarin jikin Mushe Isufu ya shanye. Ƴaƴansa suka mayar da shi Tawa, ya bar mini biro, wato ofis ɗin, da ondiler da kastomomi. Kastomomin ba su daɗe ba. Wasu samari sun fito da logisiyel masu kyan gani da ke karɓar duk abin da aka ba su ba musu, kowa ya koma can. Wani ɗan kasuwa ya faɗa mini a fuskata, "Madam, naki program ɗin gardama gare shi kamar ɗan duwan mai binciken kaya a kan iyaka." Ga yankewar kuran ba dare ba rana, ga zafi. Kafin damina ta zagayo, aiki ɗaya ya rage a hannuna: wata ƙaramar kilinik ta haihuwa da yara a Talaje, ta wani likita mai zaman kansa. Ba zan faɗi sunanta ba. Shi kuma mu kira shi Dokta Abdu.

A kilinik ɗin nan na ci karo da abin da littafin yaren raƙumi bai sani ba: mutum marar suna. Kun san jariri ba ya samun suna sai ranar bakwai, amma ciwo ba ya jiran raɗin suna. Kafin zuwana, "Bebe na wance" suke rubutawa, kuma a sati ɗaya sai a sami Bebe na Hadiza uku a ɗaki ɗaya. Na yi nau'in marar lafiya mai fuska biyu, irin na Gamkalle: ko mai suna, ko jaririn da bai kai suna ba. Shi na biyun ba ya tsayuwa shi kaɗai, dole a ɗaure shi da dosiyen uwarsa, wato fayil ɗinta na kilinik. Dalilin ba na tsari kawai ba ne. Dokta Abdu da kansa ya bayyana mini cewa idan za a ƙara wa sabon jariri jini, ba rukunin jininsa kaɗai ake dubawa ba, har da na uwa, don abin da ke cikin jininta yana nan yana yawo a jikinsa kwanakin farko. Jinin da ya dace da ɗan, idan bai dace da uwar ba, yana iya zama masa guba. Saboda haka na rubuta fonksiyon da ke buga etiketin ledar jini, takardar shaidar da ake manna mata, ta yadda ba ta karɓar komai sai jaririn da ƙofa ta tabbatar da uwarsa. Seyni, mai kula da labo, ɗakin gwaje-gwaje, Bazabarme mai sanyin magana, ba ya fitar da leda daga labo ba etiketi. Ma'aikatan gishe, wato tagar karɓar marasa lafiya, sun tsani program ɗin. Dokta ma ya taɓa ce mini, "Madam Rabi, ranar da abin nan naki ya tsayar mini da aiki a kan rai, ranar za mu rabu."

Ranar ta zo cikin bazara, bayan azahar, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Seyni ne ya kira ni. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Madam, zo maza. Bebe na mutuwa, inji ya ƙi ba da etiketi." Na rataya ordinater ɗina ta hannu, na hau moto, ɗan babur ɗina. Ban san yadda na ratsa gari ba.

Na tarar da labo a cike. Jariri ne ɗan kwana uku, namiji, an haife shi a gida, an kawo shi da shawara mai tsanani. Na leƙa ɗakin da yake, na gan shi ƙarƙashin fitila, jikinsa ya koma ruwan ɗorawa har tafin ƙafa, yana wani kuka siriri mai tsini da ban taɓa jin irinsa ba. Jininsa ya yi ƙasa sosai. Seyni ya gwada, rukunin A ne. Dosiyen uwar, wata Zainabu, tsohuwar mai zuwa kilinik ɗin ce, ita ma A. An sami ledar A sabuwa a firigo, Seyni na riƙe da ita a hannu. Komai ya yi daidai, sai ƙofata. Ƙorafi biyu ta kawo. Na farko an manta nauyin jariri, sun gyara nan take. Na biyu yana nan da jan rubutu: matar da ke wannan dosiye ta haihu a nan wata huɗu da suka wuce, ba za ta zama uwar jaririn kwana uku ba.

Dokta Abdu ya shigo, gumi ya jiƙa rigarsa. Ya ce, "Kuskuren shekara ne. Haihuwar bara waccan ce aka buga ba daidai ba, kullum suna yi. Cire mini abin nan."

Na ce, "Dokta, ba maɓallin cirewa. Sai dai in sake rubuta program ɗin."

"To sake rubutawa! Infirmiye na neman jijiya. Da ta samu, da etiketi ko ba etiketi, jinin nan zai shiga, ko da hannuna zan ɗauka."

Bai yi rashin hankali ba, ku riƙe wannan. Yaro ne ke tafiya a gabansa, magani na hannun Seyni, abin da ya tsaya tsakani jan rubutu ne a ekran. Kuma zancen kuskuren shekara ba tatsuniya ba ce. Na duba ranar da aka shigar da waccan haihuwar, ta yi daidai da agogon inji, amma agogon injin nan batirinsa ya mutu, duk yankewar kuran sai ya rikice a sake saita shi da hannu. Ba ni da tabbas. Tsoro ya kama ni sosai. Idan ƙofata ce ta yi ƙarya, ni ce na tsaya tsakanin jariri da jini.

Na buɗe ordinater a kan firigo na fara rubuta hanyar tsallakewa. A nan raƙumin ya nuna halinsa. Na sassauta nau'in a wuri ɗaya, kompilater ya yi ƙorafi a wani wuri. Na gyara can, ya nuna mini wani. Duk inda na taɓa cewa sai tabbataccen jariri, sai ya tsayar da ni ya ce ga alkawarin da kika yi. Ina bugawa, ina jin infirmiye, wato nas ɗin, ta bango tana cewa a riƙe mata hannu, ta rasa, ta koma ƙafa, ta rasa. Seyni na tsaye a bayana da ledar a ƙirjinsa yana ɗumama ta, yana maimaita "kala suuru, kala suuru" a hankali, ban san ni yake ba haƙuri ba ko kansa.

Na kai gyara na ƙarshe, na tura kompilater, injin ya fara nazarinsa a hankali kamar kullum. Ina kallon ekran sai muryar Mushe Isufu ta faɗo mini, abin da yake faɗa duk lokacin da ya ga na ƙura wa kuskure ido: "In ƙohwa ta ƙiya, bar kallon gilashi. Tashi ki ga mutumen." Tun da na iso, dosiye na gani. Ban ga Zainabu ba.

Na fita baranda. Mata na zaune a dogon benci. A bakin ƙofar ɗakin jariri wata mace ke tsaye, kakkaura, cikin dogon hijabi, tana leƙe tana salati. Na ce, "Baiwar Allah, ke ce Zainabu?" Ta ce ita ce. Tana juyowa na ga hijabin ya motsa ta baya, wata ƴar ƙafa mai ƙiba ta leƙo ta gefen ƙugunta. Goyo ne.

Na ce, "Wannan na bayan fa?"

"Nawa ne. Watansa huɗu, a nan ma na haife shi."

"Na cikin ɗakin fa?"

"Shi ma nawa ne. Tun yana ciki aka ba ni shi."

"Yaya Zainabu, don girman Allah, wa ta haife shi?"

Ta kai ido can ƙarshen benci. Wata matashiya ce zaune ita kaɗai, ta ba ɗakin baya, fuskarta ga bango, ta ja mayafi har goshi. Ba yarinya ba ce, ta haura ashirin, daga baya ma na ji malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Maraɗi, ta zo gidan yayarta haihuwa. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Ni na san irin zaman nan. Ƴar fari ce ni. Mahaifiyata a Damagaram har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni, ko "waccan", kuma a gaban manya ba ta ko kallon inda nake. Kunyar ɗan fari ke nan. Da suka iso kilinik, Zainabu ce ta rungumo jaririn, ita ta je gishe, aka ce kati, ta miƙa nata tunda ƙanwar ba ta da dosiye a nan. Mai gishe ta ga mace da jariri da kati, ta buga. Ba wanda ya yi ƙarya. Ba wanda aka tambaya.

Daga cikin ɗaki na ji infirmiye ta ce, "Alhamdu lillahi, na samu!" Na ga Seyni ya fito daga labo da ledar, Dokta na gabansa. Ban san ina da irin wannan murya ba. Na ce, "Dokta, tsaya! Ba ita ce uwar ba!"

Ya dube ni, ya dubi goyon Zainabu, ya dubi inda nake nunawa. Mutum ne mai saurin ganewa. Ya taka har ƙarshen benci ya ce, "Madam, ke kika haifi yaron nan?" Ta ƙara dunƙulewa, ta ja mayafin ya rufe fuskar gaba ɗaya. Duk matan benci sun zuba mata ido. Zainabu ta ce, "Haba likita, ɗan fari ne fa. Ta yaya za ta amsa a gabana, a gaban mutane?" Dokta ya ɗaga murya, "Ba ni da lokacin kunya, yaro zai mutu!" Matashiyar ta fara kuka cikin mayafi.

Na durƙusa a gefenta. Zainabu ta raɗa mini sunanta, Nana. Na ce, "Nana, ƙanwata, ba sai kin ce komai ba. Ba wanda zai sa ki faɗa. Jinin wadda ta haife shi ake so a gwada, ɗigo kaɗan. Ga Seyni nan."

Ba ta juyo ba. Fuskarta na bango, a hankali ta zaro hannu daga cikin mayafi ta miƙa shi baya.

Seyni ya ajiye ledar ya ɗebi jinin a nan kan benci. Muka bi shi labo muka tsaya a kansa yana ɗiga magunguna a farantin gwaji yana juyawa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "O." Dokta Abdu ya rufe ido. Ya ce abin da ke cinye jinin yaron ke nan tun farko: jinin uwa O ne, na ɗa A, abin da ya gado daga jikinta ke farfasa nasa. Da an ƙara masa A, da an ƙara wa abin abinci ne. Ya ɗauki ledar da hannunsa, hannun da ya ce zai ɗauke ta da shi, ya mayar da ita firigo ya rufe. A kan firigon ordinater ɗina na nan a buɗe. Kompilater ya gama, ba ƙorafi ko ɗaya, hanyar tsallakewa ta shirya tsaf tana jirana. Na goge ta.

Kada ku ɗauka an huta. O ake so, sabo, kuma babu shi a firigon. Nana ba za ta iya bayarwa ba, mai jego ce, kuma a jininta matsalar take. Dokta ya yi ta kiran waya. Aka samu a can babbar ma'ajiyar jini, a wani gefen gari. Ya juyo ya ce mini, "Buɗe mata dosiye," ba godiya, ba faɗa. Na buɗe wa Nana dosiye, na ɗaura jaririn a kai, ƙofa ta karɓa ba musu, takardar neman jini ta fito. Seyni ya karɓi makullin motona ya tafi.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata ta aiki. Kuran ya tafi, aka tayar da gurup, wato janareta, don fitilar jariri. Kukan nan mai tsini ya ragu, ya koma shiru, kuma shirun ya fi kukan tayar da hankali. Infirmiye na fitowa tana komawa ba ta kallon kowa. Dokta ya wuce ni a baranda ya ce, ba tare da ya tsaya ba, "Kowace sa'a tana cin wani abu a kansa." Aka kira la'asar, na yi salla ban san me na karanta ba. Nana na nan inda take, fuska ga bango, sai dai ta matso tsakiyar benci, daga baya na lura ta ƙara matsowa, har ta kai dab da ƙofar ɗakin, amma ba ta leƙa ba. Rana ta yi ja kafin mu ji ƙarar moto a ƙofar gida. Seyni ya shigo da akwatin ƙanƙara, wandonsa a yage a gwiwa, ya faɗi a hanya bai ko tsaya dubawa ba. Na buga lambar ledar, etiketi ya fito.

Yaron ya rayu. Ranar bakwai aka raɗa masa suna yana kwance a kilinik, Zainabu ta kawo sunan gishe, aka sauya shi daga jaririn da bai kai suna ba zuwa mai suna, Mahamadu. Dokta Abdu bai kore ni ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Abin da ya ce kawai shi ne in sa jan rubutun ya riƙa faɗin abin da za a yi, ba abin da ya lalace kaɗai ba. Tun daga ranar, idan ƙofar ta ƙi uwa, tana ƙarawa da cewa a keɓe masu jariri a tambayi wadda ta haihu, a gwada jininta. Gishe kuma aka sa labule a gefe, inda mace za ta iya nuna kanta ba a gaban yayyenta ba.

Bayan shekara da wani abu Zainabu ta dawo da shi, wai ba ya juyowa idan an yi magana. Aka gwada. Kunne ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan saura kaɗan. Shawara mai tsanani tana yin haka. Na sami Dokta a biro na tambaye shi kai tsaye ko jiran nan ne ya jawo. Ya ce, "Wataƙila kwanakin da ya yi a gida ne. Wataƙila sa'o'in nan ne. Ba mai iya faɗa miki. Da ledar farko ta shiga kuwa, ina jin da ba zancen kunne muke ba." Na yarda da shi. Amma har yau duk ƙofar da zan rubuta, sai na tuna cewa idan ta rufe, akwai wanda ke tsaye a waje, kuma lokacinsa na tafiya. Idan ta buɗe wa abin da bai kamata ba, shi ma akwai mai biya. Tsakanin biyun nan ake aikin, kuma kompilater ba zai zaɓa muku ba. Shi nasa ya riƙe ku a kan abin da kuka ce, ku kuma naku ku san mutanen da za su tsaya a gishe.

Ga kuran ya dawo, ondiler ya yi shiru. Ke mai shayi, ki fara da gurbin sunan uwa, ki zo ki faɗa mini fuska nawa gare shi.

Watan jiya na je kilinik ɗin sabunta program, na ga Nana da ɗanta a baranda, sun zo hutu daga Maraɗi. Mahamadu ya isa shiga lakwal, da ɗan abin ji a kunnensa na dama, yana tsaye ya ba uwarsa baya yana kallon kifayen da aka zana a bango. Aka kira lambarsu. Nana ta tashi. Ba ta kira sunansa ba, dama can ba za ta kira ba. Ta miƙa hannun nan, ta taɓa kafaɗarsa, ya juyo.